Lesa, bindigar maganaɗisu ko jirgi marar matuƙi: wanne za mu bi?

Sadiƙu: Assalamu alaikum manya. Ɗaliban injiniya a BUK za mu yi zama kan makaman gobe. Wanne kuke ganin ya cancanci mu zurfafa a kai, lesa (makamin da ke ƙona abu da haske mai ƙarfi), bindigar maganaɗisu ko jirage marasa matuƙa?

Injiniya Habibu: Wa alaikumus salam. Bindigar maganaɗisu ku karance ta don darasi kawai. Ba ta amfani da albarushi, wutar lantarki ce ke bi ta layukan ƙarfe biyu ta tunkuɗa harsashi har ya ninka gudun sauti sau shida. Matsalarta bututu: zafi da gogayya suna cinye layukan bayan harbi kaɗan, ga buƙatar wuta da sai jirgin ruwa mai babban injin zai iya ciyar da ita. Sojan ruwan Amurka sun kashe kusan dala miliyan 500, suka dakatar da aikin a 2021. Japan ce ke ci gaba da gwaji a teku tun 2023.

Hajiya Binta: Ƙanena, ka haɗa da labarin jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Zumwalt, don su ga yadda tsada ke kashe makami. An shirya ƙera 32, aka ƙare da 3. Da yawan ya ragu, harsashi ɗaya na igwarsa ya kai kusan dala 800,000, sai aka soke sayensa a 2016, igwar ta zauna ba abin harbawa.

Sadiƙu: To lesa fa, Hajiya? An ce harbi ɗaya na lesar DragonFire ta Ingila bai wuce fam 10 ba.

Injiniya Habibu: Kuɗin wutar harbin ke nan, ba kuɗin na'urar ba. Ku yi wannan lissafin a allo. Lesar kilowat 50 tana jan wuta kusan kilowat 150, saboda kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama haske, saura zafi ne. Wato kilowat 100 na zafi da dole a fitar, kuma a rana irin ta Afrilu a Kano, da iskar waje ta haura digiri 40, na'urar sanyaya za ta yi ta fama. Sannan hasken sai ya tsaya a wuri ɗaya a jikin abin da ake hari na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ƙona shi, idan kuma abubuwan harin suna da yawa sai ɗaya bayan ɗaya. Ƙura tana warwatsa hasken. Lokacin hunturu da ba ka hango Dutsen Dala daga Ƙofar Mazugal, nisan lesar ya ragu matuƙa. Ƙurar da ta zauna a kan madubinta kuma tana shan hasken, ta ƙona madubin kansa. Amurka ta kai motocin yaƙi na Stryker masu lesar kilowat 50 Gabas ta Tsakiya a 2024, kuma zafi da ƙura na cikin abin da ya ba su wahala.

Malam Nasiru: Ni jirage marasa matuƙa nake ba ku shawara, amma ɓangaren tsada da kariya. Shahed-136, jirgi marar matuƙi ƙirar Iran, kuɗinsa dubban daloli goma-goma ne, makamin Patriot ɗaya, wato makami mai linzami na kakkaɓo jirage, kuwa kusan dala miliyan 4. Shi ya sa a Yukren tsohuwar motar Gepard ta Jamus mai bindigar milimita 35 ta yi suna wajen kakkaɓo su. Ku kuma duba yadda toshe sigina ya sa aka koma ƙananan jirage masu jan zaren fayiba (siririn zaren gilashi da umarni ke bi ta cikinsa), waɗanda ba a iya katse musu sadarwa, sai dai zaren yana sarƙewa a bishiyoyi, nauyinsa kuma yana rage abin da jirgin zai ɗauka.

Hajiya Binta: Na yarda, Malam, amma kada su manta da harin da jirgi marar matuƙi na sojoji ya kai Tudun Biri a jihar Kaduna, Disamba 2023. Jirgin ya kai inda aka tura shi, kuskuren yana wajen tantance waɗanda ke ƙasa, 'yan Mauludi aka hallaka. Hoton kyamarar zafi daga sama ba ya bambance makiyayi da ɗan bindiga. Wa ke tabbatar da hari, da wace shaida daga ƙasa, wa ke da ikon cewa a dakata? Wannan ya cancanci rabin zamanku.

Malam Nasiru: Haka ne, Allah ya jiƙansu. Sadiƙu, ku nemi bayani kan Tsaigumi, jirgi marar matuƙi da rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar a Kaduna a 2018, ku tambayi daga ina injin, kyamara da batir suke zuwa, kuma wa ke gyara su idan sun lalace.

Sadiƙu: Na gode ƙwarai. Injiniya, lissafin zafin nan za ka iya turo mana shi a rubuce kafin Asabar?

Injiniya Habibu: Zan turo in sha Allahu, har da na girman janareto da za ta ɗauki nauyin lesar da na'urar sanyayarta tare.