Wa za mu ba matsayin Inna? Ina neman shawararku

Shu'aibu, Gadarif: Assalamu alaikum jama'a. Muna da ɗan rukunin wasan kwaikwayo na matasan unguwa, kuma kafin yaƙin nan na Sudan barkwanci muke yi ranar salla da bikin makaranta. Wannan karon mun ɗauko abu mai nauyi. Labarin mutum biyar ne da gudun hijira ya haɗa su a aji ɗaya na wata firamare bayan faɗuwar birnin Wad Madani a hannun dakarun RSF a Disambar 2023: tsohuwa da 'ya'yanta suka watse, direban raksha (babur mai ƙafa uku), malamar makaranta, dattijo manomin auduga, da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da aka tsinta a hanyar garin Fau shi kaɗai. Babu wanda ya san wani, zanin gado ne ya raba ajin biyu. Sannu a hankali yaron ya fara kiran tsohuwar Inna, direban ma ya bi bakinsa. Da aka ce Madani ta dawo hannun sojoji a Janairun 2025, sai kowa ya rasa wa zai bi wa.

Inna ce ta tsaya mana a wuya. Muna da aboki da ya daɗe yana fitowa a tsohuwa, ya yafa lafaya ya ranƙwafa, kuma gwani ne. Amma da zarar ya leƙo, kafin ya buɗe baki yara sun fara dariya. Sai ga wata baiwar Allah da ta zo daga garin Sinja a 2024, tana girki a takiyyar unguwarmu, wato inda ake dafa wa jama'a abinci kyauta. Ta tsaya kallon gwajinmu, ta ce ba haka ake raba kisra, wato burodin dawa mai fale-fale, ga mutum biyar ba. Ta karɓi tiren, ta gutsuttsura, ta tura babban kaso gaban yaron ba tare da ta kalle shi ba, ta goge hannu a gefen zani ta ce ita ta riga ta ci. Babu wanda ya rubuta mata wannan. Zuciyata ita take so. Sai dai ba ta karatu, ba ta taɓa hawa dandali ba, kuma ɗanta na cikinta har yau ba a ji labarinsa ba. Abokin namu kuma ya fara jan jiki da mu. Yaya zan yi?

Maman Husna, Kassala: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ba ta. Amma kada kai ka tambaye ta, kuma kada a yi a gaban mutane, don kunya za ta sa ta ce to ko da ba ta so. Ka aika babbar mace da take jin nauyinta, su zauna su biyu, sannan a sanar da wanda yake tsaye a kanta cikin danginta. Rashin karatu ba komai ba ne. Ka faɗa mata abin da ke faruwa a kowace fitowa ka bar ta ta faɗe shi da bakinta, in ta yi wanda ya yi daɗi a ɗauka a waya ta riƙa saurara. Kuma lokacin da za ta bar tukunya ta zo wurinku, ku samo wadda za ta riƙe mata, ku ɗan yi mata ihsani.

Kawu Bala, Mai Wurno: Ni ban goyi baya ba. Shu'aibu ɗana, kai abin da ya burge ka ka gani, ni kuma ina tunanin daren da za ta koma ta kwanta. Gwaji maimaici ne. Yau a ce mata ɗanki ya ɓace, gobe a sake, jibi a ce ba ki yi kukan da kyau ba a ƙara. Wannan fama mata ciwo ne, kuma ku za ku tafa ku watse. Mu nan yankin Sinnar mun ga abin da ya biyo bayan shigar RSF Sinja a ƙarshen Yunin 2024, mun san matan da har yanzu in waya ta yi ƙara sai gabansu ya faɗi.

Kuma kada ka ɗauka ita kaɗai ta san wannan rayuwa. Garinmu kansa mutanen da suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Bayansu alhazai suka yi ta biyowa a ƙafa ta Janaina, Fashir, Ubayyid, suna tsayawa tsinkar auduga a Jazira don su tara kuɗin ƙetara teku. Yaron da uwarsa ta rasu a hanya, wadda ke kusa ita ke goya shi. Gidaje da yawa a cikinmu in ka bi salsala haka zumuncinsu ya faro. Ka nemi ungozoma ko malamar islamiyya a unguwarku, mai shekaru, wadda hankalinta ke kwance, za ta iya. Ita wannan baiwar Allah ta zauna gefe tana gyara muku, ku girmama ta da haka.

Maman Husna, Kassala: Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarka da nauyi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kiranta aka yi ba, da ƙafarta ta je ta karɓi tiren. Tun da muka fara ɗaukar baƙi a gidanmu na lura abin da ya fi ci musu rai shi ne kowa na yanke musu hukunci, daga inda za su kwana har abin da za su iya ɗauka. A tambaye ta. In ta yarda, a sauya labarin ya yi nesa da nata: Innar wasa ta rasa 'ya mace mai aure, kada a ce ɗa namiji. Sannan a shirya wata tun yanzu tana koyo tare da ita, a kuma gaya mata ƙarara cewa ko ranar wasan ce ta ji ba za ta iya ba, babu mai ganin laifinta.

Malam Idrisu, Fot Sudan: Abu biyu zan ƙara. Riƙon yaro da kiran mai riƙonsa Inna babu laifi, lada ne babba. Amma kada a ƙarshen wasan dattijon ya ce daga yau yaron ya ɗauki sunansa. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, shi ya sa aka koma kiran Zaidu da ɗan Harisa. Na biyu, in mace ce ta gaske za ta fito, direban baligi ne, kada ku sa runguma wajen sallama. Ya durƙusa ta sa masa albarka, mutanenmu za su fi jin wannan a jikinsu. In kana son abin da dattijon zai faɗa, ga 'yan'uwantakar da Annabi (SAW) ya ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina, kamar Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'.

Zainabu, Damazin: Yaya Shu'aibu, kowa ya manta da abokinka. Ka same shi kafin ya ji a bakin wani. Ka ba shi dattijon manomi, ka gaya masa gaskiya cewa kana so mutane su gan shi sau ɗaya ba tare da lafaya ba. Direban kuma Bahaushe ne a labarin?

Shu'aibu, Gadarif: A'a Zainabu, Larabci kaɗai yake ji, a ajin yake tsintar Hausa.

Zainabu, Damazin: To ku nemo maƙwabci wanda da gaske ba Bahaushe ba ne ya yi shi. Bayan rikicin ƙabilancin da ya rutsa da mu Hausawa nan a Yulin 2022, ina so a ga irin wannan mutum yana kiran Bahaushiya Inna a gaban jama'a, kuma danginsa ma za su zo kallo.

Shu'aibu, Gadarif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Goggona za ta je wurinta ranar Juma'a. Kawu, ban watsar da maganarka ba: malamar islamiyyarmu ta yarda ta koyi matsayin, ko ita ta fito ko ta tsaya a shirye. Abokina zan same shi yau bayan isha'i.

Kawu Bala, Mai Wurno: Har yanzu raina bai kwanta ba, amma tunda Goggonka ce za ta je, ta kalli fuskarta fiye da amsarta. Yaushe kuka sa ranar? In kuka kai Oktoba yankan riɗi zai kwashe muku rabin samarin zuwa gonaki, in kuma kuka yi cikin damina kun san laka ta Gadarif, tsofaffi ba za su iya isowa filin ba.