Wai masu sharhin fim ɗin nan sun fi mu sani ne ko kawai ra'ayinsu ne?

Dan_Rikkos:
Slm jama'a. Don Allah masu ilimin fim ku warware min wani abu. Akwai jerin nan da mujallar Sight and Sound ta Ingila take fitarwa duk bayan shekara goma tun 1952, wai fina-finan da suka fi kowanne a duniya. Na ce bari in fara daga na ɗaya a jerin 2022, Jeanne Dielman, na wata 'yar Beljiyam, 1975 aka yi shi. Wlh sama da awa uku mata tana ferar dankali tana wanke-wanke tana gyaran gado, data na ya tafi a banza, ƙanina ma tashi ya yi ya bar min ɗakin. To ni ne ban waye ba ko kuwa su ne suke raina mana hankali?

Sadiq_FarinGada:
Hhhh mutumina ai daga sama ka faro. Ni a makarantar fim ta nan Jos na yi karatu, gaskiya ta wajen sani sun fi mu, wanda ya kalli fim dubbai ya san wa ya fara ajiye kyamara a kaza, wa ya kwaikwayi wa, ba za ka haɗa shi da ni da kai ba da sai an dawo daga kasuwa ake kunna waya. Amma jerin fa ƙuri'a ce ba wahayi ba. Citizen Kane ne ya riƙe na ɗaya tun 1962 har 2002, a 2012 aka ture shi, a 2022 kuma da aka ƙara yawan masu zaɓe suka haura 1,600 sai ga wannan naka ya hau, karon farko kenan da fim ɗin darakta mace ya zo na ɗaya. Fina-finan ba su canza ba ko da minti ɗaya, masu zaɓen ne suka canza. Kuma daraktoci ma da tasu ƙuri'ar daban a shekarar, wani fim ɗin suka sa a gaba. Ni dai ina amfani da jerin ne in san abin da ban taɓa jin sunansa ba, shikenan.

Maman_Hanan:
Dan Rikkos kai da ka kalla kawai na awa uku ka gaji, mu da muke yin sa kullum fa? 😂 Ai ina ganin abin da matar take so ka ji kenan. Ni damuwata da masu sharhi daban ce, da sun ga waƙa da rawa a fim sai su ce shirme ne, alhali mu nan da fim ɗin Indiya muka tashi kuma har yau akwai waƙar da in ta zo sai na ajiye abin da nake yi. Namu na gida kuma masu sharhin Kannywood a Facebook, da yawansu ba sharhi suke ba, yaran jarumai ne, fim bai fito ba sun riga sun ce ya yi.

Alhaji_Gangare:
Yarana ku bari in sa baki. Mu da muka yi layin tikiti a silimar Kwararafa ba wanda ya ba mu jeri, baki da baki ake sanin fim mai kyau, in ka ga ana ta turereniya a ƙofa to ka shiga. Amma ga abin da ya fi damuna. Shaihu Umar, Adamu Halilu ya yi shi a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Balewa, fim na Hausa cikakke. Shekaru da yawa ba mai iya ganinsa, sai a 2016 aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. To mai sharhi a Landan ta yaya zai zaɓi abin da bai taɓa sa wa ido ba? Ga hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa a garin nan namu, amma ku tambayi matasan Anguwan Rogo su nawa suka taɓa jin sunan Adamu Halilu. Kasa-kasan bidiyo na shekarun 1990 kuwa, farkon fim ɗin Hausa na kasuwa, da yawa sun ruɓe a kwali a shaguna. Ko mu muka tashi yin namu jerin, a ina za mu samo su mu kalla?

Sadiq_FarinGada:
Haka ne Baba. Na Afirka 'yan kaɗan da suka samu shiga jerin ɗari ɗin na 2022, irin na Sembène ɗan Senegal, ai waɗanda aka gyara ne aka yi ta yawo da su bukukuwan fim a Turai.

Dan_Rikkos:
Maman Hanan na ji, an ci ni 😅 amma dai ba zan sake kallon dankalin nan ba. Baba Allah ya ƙara girma, Shaihu Umar ɗin da aka gyara a ina mutum zai same shi yanzu? Sadiq kai da ka san 'yan makarantar ka bincika mana ko suna da shi, in ya samu a haɗu a wuri ɗaya a kalla, ni zan kawo fetur ɗin janareto.