Tawahhud, galahanga ko otizim? Ina neman kalma kafin la'asar

Tafinta, Jidda: Assalamu alaikum. Bayan la'asar zan naɗi rahoton minti uku don masu sauraronmu na Jidda da Makka, kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi. Labarin Gregg Wallace ne, mai gabatar da gasar girki ta MasterChef a BBC, wanda aka sallama a Yulin 2025. Lauyoyin da kamfanin shirin ya ɗauka sun binciki zarge-zarge 83, sun tabbatar da 45, yawancinsu maganganun batsa da wasan banza a wurin aiki. Shi kuma ya fito ya ce likitoci sun gano yana da abin da Turawa ke kira otizim, Larabawa tawahhud, kuma ba wanda ya kula da hakan a shekarun da ya yi yana aiki. Sai masu larurar da wasu ƙungiyoyinsu suka yi masa ca, suka ce kada ya shafa musu kashin kaji. Zan taɓo mawaƙin Amurka Kanye West ma, da ya faɗi a wata hira a Fabrairun 2025 cewa shi ma ita gare shi. Kalmar za ta fito sau bakwai. Me zan ce?

Bakano, Riyad: Galahanga. Ita kafafen labaran gida ke faɗa. Wuce wurin.

Malamar yara, Makka: A'a Yaya, kada ya wuce. Galahanga buhu ce da aka zuba abu uku a ciki. Akwai yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni kafin haihuwa ko lokacinta, wuyansa ya ƙi tsayawa, gaɓoɓinsa suka sanƙare, wanda a asibitocin nan ake rubuta wa shalal dimagi. Akwai mai larurar Daun, wadda ake haihuwar yaro da ita, take jinkirta girmansa da koyonsa. Sannan akwai mai tawahhud. Dukkansu galahanga ake ce musu, kuma hoton da ke zuwa wa Bahaushe shi ne na farkon: yaro a goye, miyau na zuba. To ka ce wa mai sauraro mutumin da ya kai shekara 60, wanda ya yi ta gabatar da shirin tun 2005, galahanga ne. Nan take zai ce ƙarya yake yi. Ka yanke hukuncin da rahotonka bai yanke ba.

Likita, Jidda: Hajiya ta yi daidai. Bari in ajiye abin da kalmar za ta ɗauka, sai a gwada kowace da shi. Ma'aunin da ake aiki da shi tun 2013 ɓangare biyu ne. Na farko mu'amala: musayar magana, karanta ido da fuska da motsin jiki, ƙulla abota da riƙe ta. Dole ukun nan su samu. Na biyu, aƙalla biyu cikin huɗu: maimaita motsi ko kalma, nacewa kan tsari ɗaya da tashin hankali in an sauya shi, zurfafa a sha'awar abu guda, da jin ƙara ko haske ko taɓin tufa fiye da kima ko ƙasa da kima. Sharaɗi ne alamun su faro tun ƙuruciya, ko da ba a gane ba sai an manyanta. Shi ya sa babba in ya zo, ana neman mahaifiyarsa ko yayarsa a tambayi yarintarsa. Mataki uku ne, gwargwadon tallafin da mutum ke buƙata. Raunin fahimta kuwa layinsa daban ake rubuta shi, akwai ko babu, domin da yawa babu. A duba da kyau: ba inda aka ce batsa ko taɓa jikin mutane alama ce. Mutum zai iya kasa gane cewa wasansa ya gundiri jama'a. In an gaya masa ƙarara ya daina, maganar ta koma wani babi.

Ɗalibi, Madina: Tunda masu sauraron na nan ne, tawahhud ta wadatar. Ita ce a takardar asibiti, ita ce a allon cibiyoyi, ita uwa za ta faɗa a gaban likita. Abin da nake roƙo kawai, Malam, kada "taɓin hankali" ta shiga rahoton ko sau ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci, yaro, da mahaukaci. Kana cewa taɓin hankali, tsohuwa a Shara Mansur, unguwar Hausawa a Makka, za ta ce to ai ba mukallafi ba ne, a ƙyale bawan Allah. Ka ga ka ba shi uzurin da masu larurar ke cewa ba nasu ba ne. Galahanga ta mai da shi maƙaryaci, taɓin hankali ta wanke shi tas.

Baba, Makka: Ikon Allah. An tambayi Hausa, ɗaya ya kawo Turanci, ɗaya ya kawo Larabci. Asalin kalmar Turawan daga Girkanci ne, ma'anarta "kai", wato mutum shi kaɗai. Larabawa suka duba tushensu na wahid suka ƙera tasu. Mu ma muna da kaɗai. Na daɗe da ba da shawarar kaɗaitau. Gaɓa uku, ba nauyi a baki, bisa awon mantau da makarau. Ku yara ba ku son wahalar ƙira, sai aro.

Malamar yara, Makka: Allah ya ƙara girma Baba, amma awon nan na zolaya ne. Mantau da makarau suna ne da ake tsokanar mutum da shi. Ranar da ta shiga makaranta, "kai kaɗaitau" za ta zama zagi kafin a tashi tara. Kuma mene ne jam'inta? Ta mace fa?

Likita, Jidda: Ma'anar ma ta tsufa, Baba. Wanda ya ƙirƙiri kalmar wajen 1911, Eugen Bleuler, masu wani ciwon daban yake siffantawa. Leo Kanner ne ya ɗauke ta a 1943 ya ɗora wa yara 11 da ya duba. Yau an san da yawansu suna son mutane, hanyar shiga cikinsu ce ke ba su wuya. Wanda ake maganarsa ma surutu ne sana'arsa. In muka fassara tushen, kuskuren shekara ɗari za mu shigo da shi Hausa sabo fil.

Ɗalibi, Madina: Ga kuma kaɗaita Allah, wadda ita ce fassarar tauhidi a bakin kowane mai wa'azi. Kaɗaitau za ta yi karo da ita.

Baba, Makka: To tawahhud ɗinka ba tushenta ɗaya da tauhidi ba? Ka ga tsinken idon wani. Matsalarku ku 'yan jami'a, in abu ya zo da Larabci ya zama wahayi.

Bakano, Riyad: Ni dai abin dariya ne a ce Hausar Shara Mansur za ta gyara wa Kano kalma. Mutanen da ke cewa "zan ruha mustashfa" maimakon "zan je asibiti" su ne za su soke galahanga?

Bahaushen Sudan, Jidda: Sannu mai Hausa. Kakanninmu sun baro ƙasar bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, har yau da Hausa ake ciniki a can. Ku da kuka zauna, "asibiti" da "likita" da "mota" daga gidan wa kuka samo su? Aronku na Turanci ya zama Hausa, namu na Larabci ya zama gurɓata? A Gadarif da Kasala tawahhud ake cewa, ba wanda ya taɓa jin galahanga.

Bakano, Riyad: Rahoton a Facebook zai hau. Rabin masu jinsa suna Kano da Zinder, su kuma ba su taɓa jin tawahhud ba.

Baba, Makka: Da kun karɓi kaɗaitau da duk wannan bai taso ba.

Tafinta, Jidda: Jama'a, an kusa kiran salla. A bar Burmi tukuna. Cuta zan ce ko larura?

Likita, Jidda: Larura. Cuta na sa a tambayi maganinta da ko ana ɗauka, alhali wannan yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, da shi ake rayuwa. Kuma a labarin da ake maganar waɗanda aka cuta, kalmar za ta yi harshen damo. "Ya kamu da" ma a cire, a ce "yana da". Sai fi'ilin: kada ka ce "ya fake da larurar" da bakinka. Wannan ra'ayin masu sukarsa ne, ka jingina musu. Rahoton lauyoyin da kansa ya ce larurar na da alaƙa da yadda yake amfani da barkwanci da wuyar karanta yanayin mutane, ya kuma ce shi Wallace ya yarda ba zai ɓuya a bayanta ba. Ka ce "ya ambaci". Ka kuma bambanta bayani da uzuri, don a kan wannan gaɓar ake duk rigimar. Ka tuna bincike ne na kamfani, ba hukuncin kotu ba.

Malamar yara, Makka: Ka ƙara jimla ɗaya saboda iyaye: abin da mutum ɗaya ya yi ba halin masu larurar ba ne. Akwai samarin da ke neman aiki da takardar shaidar larurar a hannu, su irin labarin nan ke fara cutarwa.

Tafinta, Jidda: Ga yadda na rubuta farkon: "larurar otizim, wadda a nan ake kira tawahhud, wato bambancin da ake haihuwar mutum da shi a yadda yake mu'amala da yadda yake jin abubuwan da ke kewaye da shi." Daƙiƙa goma sha biyu ta ci. Sauran wurare shida, "larurar" kawai ko "otizim". Galahanga ba ta shiga ba.

Bakano, Riyad: Za a tambaye ka a ƙasan bidiyon ko galahanga kake nufi. Ka tanadi amsa.

Baba, Makka: Bayani ka yi, ba kalma ka samo ba. Na yau dai na bari saboda lokaci. Saura "ɗaif" da ke gaban tawahhud a takardun asibiti, mai nuna cewa larurar ta bambanta daga mutum zuwa mutum, ita ma aro za ku yi?

Ɗalibi, Madina: Hawa-hawa.

Likita, Jidda: Hawa-hawa tsani ne, wani sama wani ƙasa. Yaro ɗaya zai iya yin fice a lissafi ya kasa jure ƙarar fanka. Launi-launi ta fi kusa.

Tafinta, Jidda: Ba ta cikin rahoton yau. Na shiga naɗi.