Tambaya: Koyarwa a jami'a a fannin nazarin ɗabi'a don yara masu galahanga

Ɗalibar Ilimi:
Assalamu alaikum. Na kammala digiri na farko a fannin ilimin masu buƙata ta musamman, kuma ina aiki da yara masu galahanga, wato otizim, da masu raunin fahimta. Burina shi ne in zama malamar jami'a mai bincike a fannin nazarin ɗabi'a da ake kira ABA. Shin in fara neman takardar ƙwarewa a wannan fanni, wato BCBA, ne, ko kuwa in mai da hankali kan digiri na biyu da na uku?

Malamin Jami'a:
Wa'alaikumus salam, Malama. Takardar BCBA tana buƙatar digiri na biyu da aikin sa'o'i 2,000 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, amma tun daga 2023 hukumar BACB mai bayar da takardar ta daina karɓar sababbin masu nema sai mazauna ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka. Ko da ana samunta, takarda ce ta aiki da yara. Abin da jami'a take dubawa shi ne digiri na uku da binciken da kika wallafa. Saboda haka ki nemi malamin da zai jagorance ki kafin ki zaɓi makaranta. A Jami'ar Kansas ne masana uku, Baer da Wolf da Risley, suka shimfiɗa ginshiƙan fannin a 1968, shekarar da mujallar fannin mai suna JABA ta fara fitowa, kuma har yau jami'ar tana horar da masu bincike, haka ma jami'o'in Western Michigan da Florida. Ki ƙware a tsarin binciken da ake bibiyar yaro ɗaya, a riƙa ƙirga sau nawa yake buga kansa kafin a fara horo da kuma bayansa, domin a kan irin wannan ƙididdiga fannin ya ginu.

Uwar Yaro:
Ni mahaifiya ce, kuma roƙona shi ne kada bincike ya raba ki da aji. Ɗana ya kan ciji hannunsa duk lokacin da aka ba shi aiki mai wuya, sai da wata malama ta lura cewa hutu yake nema, ta koya masa miƙa kati mai hoto, sannan cizon ya ragu.

Mai Bincike:
Abin da Hajiya ta bayyana shi ne gano dalilin ɗabi'a, hanyar da Brian Iwata da abokan aikinsa suka kafa a 1982. Sai dai, Malama, wajibi ne ki karanta sukar da manya masu galahanga suke yi wa fannin, musamman kan horon sa'o'i 40 a mako da masani Ivar Lovaas ya riƙa ba yara da tilasta wa yaro kallon ido, domin ɗalibanki za su tambaye ki, kuma suna da hujja.

Ɗalibar Ilimi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, wace hanya ce ta dace in bi wajen tuntuɓar farfesan da ban taɓa haɗuwa da shi ba?