Labaran wasannin harbi na soja: suna yiwuwa kuwa?

Ɗan Zazzau: Jama'a, a wasan bidiyo na Call of Duty sojoji huɗu kan tarwatsa sansani guda. A zahiri hakan na faruwa?

Malam Bello: Da wuya, ɗan'uwa. Sojan Amurka kan ɗauki gidan harsashi bakwai na bindigar M4, kowanne da 30, jimilla 210. In ya saki wuta ba ƙaƙƙautawa, gida ɗaya ba ya kai daƙiƙa uku.

Hajiya Binta: Ga kuma abin rage ƙara da ake ɗaura wa bakin bindiga. Harsashin M4, wato 5.56, ya fi sauti gudu, saboda haka ko an ɗaura shi masu gadi za su ji tsawarsa.

Malam Bello: Gaskiya ne, Hajiya. Raunin ma haka. In harsashi ya huda babbar jijiyar cinya, jini kan ƙare cikin 'yan mintoci, sai an ɗaure saman raunin tamau.