Wotakala da wosh: me za mu kira su?

Rabi: Salamu alaikum. Ina fassara darasi kan Turner da Girtin, masu zanen tsaunuka da teku na Ingila, jibi zan miƙa. Na sa "fentin ruwa" a madadin wotakala (watercolour), launin zane da ake tsinkawa da ruwa. Wosh (wash) kuma, wato tsinkakken launin da ake shafe fili da shi a takarda, ya gagare ni.

Sagir: Malama, fentin ruwa a kasuwa na bango ne, kishiyar fentin mai. Ɗalibi zai nufi shagon kayan gini.

Malam Bala: A ce "launin ƙaro". Garin launi ake kwaɓawa da ƙaro, yadda ake haɗa tawadar allo. Ƙaro ya yi yawa, launi ya yi ƙyalli ya tsattsage. Ya yi kaɗan, ya bi yatsa bayan ya bushe. Tun wajen 1780 kamfanin Reeves na Landan ya fara sayar da shi curi-curi.

Hadiza: Baba Bala, gwash, wani launin zane mai kauri, shi ma da ƙaro ake yinsa, amma shi yana rufe takarda. Wotakala ba ya rufewa: farin girgije farin takarda ne da aka bari, shi ya sa ake farawa da launi mai haske, a ƙare da mai duhu. Turner kan kankare launi da farce ko wuƙa don ya fito da farin. Ya kamata sunan ya nuna tsinkewa.

Malam Bala: "Fenti" dai Turanci ne. Mai ƙaro a Barno da Yobe ya ari sunan abin da ake yi da ƙaronsa?

Sagir: Da "takarda" da "tawada" fa, Baba? Su ma aro ne.

Malam Bala: Aron da ya kwana dubu daban.

Hadiza: Ga wosh, kada a ce "wanki". A jiƙa takarda, a manne gefunanta huɗu a katako ta bushe, in ba haka ba ta kumbura, ruwa ya kwanta a kwari. A ɗan jingine katakon, a ja burushi daga sama, kowane layi ya kwashi ruwan da ya taru a ƙasan na baya. Wanda ya koma gyara kafin ya bushe, sabon ruwa zai ture launi ya bar tabo mai duhun baki. Na ce "shimfiɗa": shimfiɗa ta farko, ta biyu.

Sagir: "Turi" fa, irin na marina?

Hadiza: Turi tsomawa ne, nan ba a tsoma takarda a launi.

Rabi: Shimfiɗa ta zauna. Ɗayan zan sa "tsinkakken launin ƙaro" a ambaton farko, sannan wotakala.

Malam Bala: Rabin hanya kenan. Ki dai bar ƙaron a ciki.