Hawan Chappal Waddi: waɗanda suka taɓa zuwa, me ya kamata a sani?

Ɗan Jalingo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin hawa Chappal Waddi, wanda Fulanin wurin ke kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Waɗanda suka san hanyar a taimaka mana.

Mai Tanti: Wa alaikumus salam. Da farko ku nemi izini a ofishin gandun da ke garin Serti a jihar Taraba, su za su haɗa ku da jami'in rakiya, ku kuma tambaye su halin tsaro. Ku je tsakanin Disamba da Maris. Da damina rafuka kan cika, hanya ta koma taɓo, ko babur ba ya wucewa.

Baban Gembu: Malam, gangara ba ita ke wahalar da mutane ba, hazo ne. Can sama ciyawa ce zalla, tudu kamar tudu, babu itacen da za ka riƙe a matsayin alama. Hazo na sauka, taku ashirin gabanka ba ka gani. Ga sawun shanu birjik, kowanne ya yi kama da hanya, alhali mashaya ko ruga ya nufa. Tsaunin kuma a bakin iyaka yake, ƙaramin kuskure sai ku tsinci kanku a Kamaru. Idan hazon ya rufe, ku zauna wuri guda har ya yaye. Ɗan jagoranku ya zama mai jin Fulatanci, domin makiyaya ne kaɗai za ku tarar. Ku riƙe musu sukari da ganyen shayi na gaisuwa.

Yar Mambila: Ƙari a kan na Baba: takalmi mai kamun idon sawu. Ciyawar dunƙule-dunƙule take, ƙafa na zamewa tsakani sai targaɗe. Inda aka yi ƙuna kuwa, kututturan ciyawar kan huda tafin takalmi mai laushi. Kada a zo da sabo fil, zai saɓule muku diddige.

Mai Tanti: Ruwa lita 3 kowane mutum a yini, na rafi a tafasa, shanu na sha a ciki. Dabino, gyaɗa, kilishi, garin kwaki. Rigar sanyi da safa busassu a ɗaure cikin leda, saboda raɓar asuba tana jiƙa wando har gwiwa. Kada ku dogara da sabis, sanyi ma na cinye cajin waya, a sa ta a aljihun ciki. In azahar ta yi ba ku kai ƙoli ba, ku juyo.

Ɗan Jalingo: Allah ya saka da alheri. Masu ɗaukar kaya fa, a Serti ake samu ko sai an hau tsaunin Mambila?